Agogon Hannu Ya Tsaya a Saudiyya: Wa Zai Gyara, Kuma Me Garanti Ke Ɗauka?

Agogon hannu na cikin kayan da Hausawa suka fi saya a Saudiyya, mazauna da alhazai baki ɗaya. Ba masu tsadar nan ake nufi ba. Casio ne, da Q&Q, da Seiko 5, da agogunan salla irin su Alfajr da Al-Harameen, sai tarin waɗanda ake jerawa a shagunan Balad a Jidda, ko Utaibiyya a Makka, ko Batha a Riyad. Ga tambayoyin da aka fi yi idan irin wannan agogo ya ba da matsala.

Malam, agogona ya tsaya cak. In miƙa wa mai gyara na bakin kasuwa?

Dakata tukuna. Kafin kowa ya sa wuƙa ya ɓalle murfin baya, duba yaushe ka saya. Idan wa'adin garanti bai cika ba, wurin wakilin kamfanin za ka nufa, ko shagon da ka saya su tura maka can. Kusan duk takardar garanti tana ɗauke da sharaɗin cewa in wani wanda kamfani bai amince da shi ba ya buɗe agogon, to sun wanke hannunsu. Kuma suna ganewa. Ƙarzanen da ke bakin murfi, ko zoben robar da aka mayar a karkace, ko batir da ba irin nasu ba, duk suna tona asiri. Mutane da yawa sun rasa gyara kyauta saboda gaggawar canjin batir na 'yan riyaloli.

Idan kuwa wa'adi ya wuce, ko tun farko babu garantin, mai gyara na kasuwa ya isa. Da yawansu sun fi yaran manyan shaguna sanin cikin agogo nesa ba kusa ba.

To me garantin yake ɗauka, me kuma ba ya ɗauka?

A nan ne rigima ta fi yawa, domin mai saye yana jin an ce masa "damaan shekara ɗaya", wato garanti da Larabci, sai ya ɗauka duk abin da ya sami agogon nauyin kamfani ne. Ba haka ba ne. Garanti alkawari ne a kan aibin da ya fito daga masana'anta, kuma yawanci a kan injin agogon. Inji ya mutu ba tare da an buge shi ba, hannun agogo ya saki da kansa, lambobin fuskar agogon lantarki sun fara ɓacewa alhali bai faɗi ba, maɓalli ya daina aiki tun yana sabo: waɗannan nasu ne.

Abin da suka saba cirewa kuwa shi ne batir, da igiya ko ta fata ce ko ta roba ko ta ƙarfe, da gilashi in ya fashe ko ya ƙarje, da koɗewar ruwan zinariya ko na azurfa da aka shafa wa jikin agogon, da duk ɓarnar da faɗuwa ko ruwa ya jawo. Ka lura, waɗannan su ne ainihin abubuwan da suka fi samun agogo mai araha. Shi ya sa a ganina garanti a kan irin wannan agogo ya fi amfani a watannin farko, lokacin da aibin masana'anta ke bayyana. Bayan nan yawancin abin da zai same shi daga aljihunka zai fita.

Batir ɗin da ya zo da agogon ma yana da nasa bayani. Tun a masana'anta aka sa shi, kuma yana ci tun agogon na kwance a kanti. In ya ƙare da wuri, kamfanoni ba sa lissafa hakan a matsayin aibi.

Wace takarda ya kamata in riƙe?

Biyu ne: fatura, wato rasitin saye, da katin garanti. A katin a tabbatar an rubuta ranar saye da lambar samfurin agogon, an kuma buga hatimin shago. Kati fari fat babu hatimi bai da maraba da takardar tsire. Ita kuma fatura, tun watan Disamba na 2021 hukumar zakka da haraji ta wajabta wa shagunan da ke karɓar harajin kaya na kashi 15 cikin ɗari su ba da ta lantarki, mai ɗauke da lambar nan mai kusurwa huɗu da ake haskawa da waya. In mai shago ya ce zai rage maka kuɗi amma ba fatura, ka san abin da ka sayar masa shi ne hujjarka.

Ka ɗauki hoton faturar ran da ka saya. Siririyar takardar nan da inji ke fitarwa ba ta jure zafi, in ta kwana biyu a aljihu ko a cikin mota sai rubutun ya goge.

Mai shago ya ce mini kayan da aka saya ba mayarwa ba canji. Haka dokar ƙasar take?

A'a. Ma'aikatar Kasuwanci ta hana rubuta wannan magana a shago ko a fatura, kuma kayan da aka samu da aibi ko algus mai saye na da haƙƙin mayar da su. Abin da ya rage ga shago shi ne tsarinsa game da kaya lafiyayye da mutum ya sake shawara kawai, kuma ana bukatar ya bayyana wannan tsarin a fili. Ma'aikatar ta kuma sha sanar da cewa garantin na'urorin lantarki bai kamata ya gaza shekara biyu ba, abin da ya shafi agogon zamani mai haɗuwa da waya. Ga agogon yau da kullum, abin da ke rubuce a katinka shi ne za ka fara ɗagawa.

Wanda ya saya ta intanet yana da ƙarin kariya: dokar cinikin intanet ta 2019 ta ba shi kwana 7 daga ranar da ya karɓi kaya ya fasa cinikin, muddin bai yi amfani da su ba.

In an ƙi sauraronka, akwai layin ma'aikatar, 1900, da manhajar Balagh Tijari inda ake shigar da ƙorafi a haɗa da hoton fatura. Ka fara da lalama dai. Sau da yawa ambaton ma'aikatar cikin ladabi ya isa a sasanta.

An rubuta a bayansa cewa yana jure ruwa har mita 30, amma ga shi ya yi raɓa daga alwala kawai. Ba aibi ba ne wannan?

Wannan rubutu ya yaudari mutane da yawa. Mita 30, ko 3 ATM kamar yadda wasu ke rubutawa, ba yana nufin ka nutse da shi zurfin mita talatin ba. Gwaji ne da aka yi a masana'anta da ruwa a tsaye, agogon na sabo. A aikace ma'anarsa yayyafi da fantsamar wankin hannu. Mai mita 50 ya ɗan fi juriya, amma wanda ake iyo da shi hankali kwance sai mai mita 100 zuwa sama. Casio F-91W ɗin nan da kowa ya sani, wanda ya fito tun 1989, yana cikin rukunin farko, duk da cewa mutane na yi masa shaidar taurin rai.

Yanzu ka duba yadda muke da ruwa. Alwala sau biyar a yini, wani lokaci fiye, a ƙarƙashin famfo mai ƙarfi irin na masallatai. Abin da ke tare ruwan ɗan siririn zoben roba ne a murfin baya, da wani a maɓallin gefe da ake murɗawa a saita lokaci. Zafin Makka da ke haura digiri 45 a bazara yana busar da wannan roba. Sabulu da ruwan zafi na cin ta. Turare ma haka, musamman mai maiƙon nan da ake gogawa daidai wuyan hannu, ƙarƙashin agogon. Bayan shekara biyu ko uku robar ta taurare, rubutun da ke bayan agogon kuma yana nan yadda yake.

Wakili zai karɓi laifi ne kawai in gwajinsu ya nuna tun asali agogon bai rufu da kyau ba. In suka ga an bar maɓallin a zare, ko an danna maɓalli cikin ruwa, ko an taɓa buɗe shi a wani wuri, sai su ce sakaci ne. Cirewa lokacin alwala ya fi sauƙi, tunda dama ana so ruwa ya taɓa fatar wurin.

In raɓar ta riga ta shiga fa? Ɗan hazon da ke bayyana in ka fito daga sanyin na'ura zuwa rana, ya ɓace cikin mintuna, ba abin tayar da hankali ba ne. Wanda ya zauna, ko ka ga ɗigo a cikin gilashi, ka kai a buɗe a busar a ranar. Tura shi cikin shinkafa ba ya fitar da ruwan da ke cikin inji, tsatsa kuma ba ta jira. Ruwan teku ya fi ɓarna, ga masu zuwa bakin ruwa a Jidda.

Canjin batir ai ba wani abu ba ne, ko akwai abin lura?

Akwai. Ƙananan agogunan masu hannu yawanci suna amfani da batir mai sinadarin azurfa, irin SR626SW da ake kira 377. Akwai wani mai girma ɗaya da shi, LR626, wanda ya fi araha, amma ya fi saurin ƙarewa, ya kuma fi saurin tsiyayar da ruwan da ke cin inji. Ka ce a nuna maka kwalin kafin a sa. Masu lambobi kuma sun fi amfani da faffaɗan nan irin CR2016 ko CR2032.

Wasu agogunan suna yi maka ishara kafin batir ya mutu: hannun daƙiƙa zai fara tsallake biyu-biyu ko huɗu-huɗu. Ba lalacewa ya yi ba. Kada kuma ka bar mataccen batir a ciki ka jefa agogon a akwati shekara guda. Sannan ka roƙi mai gyara ya duba zoben robar, ya shafa masa man da ake shafawa ko ya canza shi, kafin ya rufe.

Agogon salla na saya, amma da na kai wa Baba gida sai yake kiran salla ba kan lokaci ba. Ya lalace ne?

Da wuya. Saiti ne. Saudiyya na gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, kuma ba gyara awa kaɗai ake yi ba, sai an canza garin da ke cikin agogon zuwa Kano ko Sakkwato ko Yamai, ko mafi kusa. Sai kuma hanyar lissafi. Taƙwimin Ummul Ƙura da ake bi a Saudiyya yana sa isha'i awa ɗaya da rabi bayan magariba, a watan azumi kuma awa biyu. Masallatan gida ba haka suke yi ba, don haka a zaɓi wani lissafin kamar na Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmi ta Duniya, ko na Masar, a daidaita mintunan da ladanin unguwa. Kwanan watan Musulunci ma yakan saɓa da kwana ɗaya saboda ganin wata, kuma akwai wurin ƙarawa ko ragewa. Ɗan littafin da ke cikin kwalin ya yi bayanin duk wannan, kada a yar da shi.

Nawa ba ya amfani da batir, amma kullum sai ya yi gaba ko baya.

Haka masu wana kansu da motsin hannu suke. Mai batir bai cika kuskuren da ya wuce daƙiƙa 15 zuwa 20 a wata ba, shi kuwa irin Seiko 5 yana iya yin haka a yini ɗaya, kuma kamfani ba zai kira shi aibi ba. In ka ajiye shi kusan kwana biyu zai tsaya. Amma in ya fara gudu da mintuna a yini, a zargi maganaɗisu, na lasifika ko na murfin waya ko na jaka. Mai gyara na da ɗan injin da ke cire shi nan take.

Ni alhaji ne, mako mai zuwa zan koma gida. Garantin zai bi ni?

Ya danganta da katin. Akwai na ƙasa da ƙasa, wanda kowane wakilin kamfanin a duniya zai karɓa, akwai kuma na wakilin Saudiyya ko na shagon kaɗai. Ko da na ƙasa da ƙasa ne, sai ka tambayi kanka ina wakilin yake a kusa da garinku, kuma nawa ne kuɗin motar zuwa. Ga agogon riyal 100, lissafin ba ya fita. Dabarar ita ce ka sayi tsarabar agogo da wuri, kada ka bari sai daren tafiya. Ka ɗaura shi kwana uku ko huɗu, ka gwada kowane maɓalli da fitila da ƙararrawa, in akwai matsala ka mayar tun kana kusa da shagon. In dozin ka saya don rabo, ka buɗe kowanne.

Wakili ya ce nawa jabu ne.

To babu garantin kamfani, ko da an haɗa maka da kati mai sheƙi. In an sayar maka da shi a matsayin na asali kuma kana da fatura, wannan algus ne, dokar yaƙi da algus a kasuwanci ta tanadi tarar da ta kai riyal miliyan ɗaya ko ɗaurin da ya kai shekara uku, kuma kana iya kai ƙara. In kuwa ka ga suna babba a farashin abincin rana ka saya da saninka, ai araha ba ta ado.

Yaushe gyara ya daina zama riba?

Batir, igiya, gilashi, ɗan ƙarfen da ke riƙe igiya: duk a gyara, ba su da tsada. Ko injin ne ya mutu, ba lallai a jefar ba. Agoguna masu araha da yawa suna ɗauke da inji iri ɗaya, kamar Miyota 2035 na Japan, kuma masu gyara ba sa ɓata lokacin kwance shi, cire shi suke yi ɗungurum su sa sabo. Ka tambayi kuɗin kafin a fara, ka ce a ba ka tsohon injin, ka kuma nemi ya rubuta maka kwana nawa ya tsaya wa aikinsa.

Inda nake cewa a haƙura shi ne idan tsatsa ta ci fuskar agogon da hannayensa, ko jikin roba ya tsage inda igiya ke kamawa, ko allon agogon lambobi ya yi baƙi. Haka nan in kuɗin gyara ya haura rabin kuɗin sabo. Sai fa in agogon na mahaifi ne ko kyautar wani da ba a son rabuwa da ita. A nan sai a gaya wa mai gyara tun farko cewa fuskar da jikin ake so su tsira, ya canza na ciki kawai.