Ma'anar "balaguron zobe", da dalilin da ya sa ake gardamar fasfo a kansa

A Amurka, duk wanda ya tashi sayen tikitin hutu a manyan jiragen ruwan nan na shaƙatawa, irin na kamfanonin Carnival da Royal Caribbean da Norwegian, zai ci karo da wata kalma da ma'anarta ita ce "rufaffen zobe". Bari mu kira shi balaguron zobe. Abin nufi shi ne jirgi ya tashi daga wata tashar Amurka, ya zaga ƙasashen da ke kusa, sannan ya dawo ainihin tashar da ya baro. Ya tashi daga Mayami, ya leƙa Bahamas da Jamaika, ya dawo Mayami: zobe ya rufe ke nan. Idan kuwa ya tashi daga Mayami, ya ratsa mashigin Fanama, ya sauke mutane a Los Anjalis, to ba zobe ba ne, ko da yake tashoshin biyu duk na Amurka ne.

Kalmar ta samu muhimmanci ne saboda doka. Kafin harin 11 ga Satumban 2001, Ba'amurke yana iya zuwa Kanada ko Meziko ko tsibiran Karibiyan ya dawo gida da ɗan katin shaida kawai. A 2004 majalisar dokokin ƙasar ta yi dokar da ta tsaurara shige da fice. Daga Janairun 2007 aka wajabta fasfo ga masu shigowa ta jirgin sama, sannan a ranar 1 ga Yunin 2009 dokar ta hau kan masu shigowa ta ƙasa da ta ruwa. Amma an bar wata 'yar kafa: ɗan ƙasar Amurka da ya yi balaguron zobe zai iya komawa gida da takardar haihuwa haɗe da katin shaida na hukuma mai ɗauke da hoto, kamar lasisin tuƙi. Yaran da ba su kai shekara 16 ba, takardar haihuwar kaɗai ta wadatar.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya hana jirgin tsayawa iya tashoshin Amurka a huta da wannan rigima? Wata tsohuwar doka ce ta 1886 ta hana. Ta haramta wa jirgin da ke ɗauke da tutar wata ƙasa jigilar fasinjoji tsakanin tashoshin Amurka kai tsaye, kuma kusan duk manyan jiragen nan rajistar Bahamas ko Fanama ko Malta ke gare su. Shi ya sa jirgin da ya tashi daga Siyatil zuwa Alaska yakan tsaya a Biktoriya ta Kanada, ko da na 'yan sa'o'i ne da dare, wanda kuma ya nufi Hawayi daga Kalifoniya yakan yada zango a Ensenada ta Meziko. Ma'ana, ko mutum bai yi niyyar fita waje ba, jirgin zai fitar da shi.

To a nan gardamar take. Masu cewa ba sai an yi fasfo ba suna da hujja, kuma hujjar kuɗi ce. A 2024, babban mutum da ke neman fasfo karon farko yana biyan dala 130, da ƙarin dala 35 na karɓar takardu. Magidanci mai mata da 'ya'ya uku, idan ya lissafa, sai ya ga kuɗin ya kusa na tikitin mutum guda, alhali balaguron duka na kwana huɗu ne. Ga kuma jiran makonni kafin fasfon ya fito.

Sai dai akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Sassaucin nan ƙofa ɗaya tak yake buɗewa, wato komawa Amurka a cikin jirgin ruwan da aka tafi da shi. Bai shafi jirgin sama ba ko kaɗan. Kuma ba kowa ke gama balaguro a jirgin da ya fara ba. Wani ya fita yawo a tsibiri ya shagala, ya dawo ya tarar jirgi ya ɗaga, don kyaftin ba ya jiran wanda ya makara. Wani ciwo ya kama shi, likitan jirgi ya ga abin ya fi ƙarfinsa, a sauke shi a asibitin tsibiri mafi kusa. Wani kuma waya ce za ta zo daga gida cewa an yi rasuwa. Duk waɗannan sai jirgin sama, jirgin sama kuwa sai fasfo. Wanda ba shi da shi dole ya nemi ofishin jakadancin Amurka a yi masa na gaggawa, kuma ba kowane tsibiri ne ke da ofishin ba. Ofishin da ke Barbados, alal misali, shi ke kula da wasu ƙananan ƙasashe makwabta irin su Dominika da Santa Lusiya. Idan abin ya faɗo a ƙarshen mako, sai haƙuri da kuɗin otal.

An ga misalin wannan a Fabrairun 2013, lokacin da gobara ta tashi a ɗakin injin jirgin Carnival Triumph a tekun Meziko, bayan ya baro Galbeston ta jihar Tekzas. Da farko an shirya jan shi zuwa gaɓar Meziko, daga baya aka karkata zuwa Mobil ta jihar Alabama saboda igiyar ruwa ta tura shi arewa. Kamfanin ya kuma ce hakan zai sauƙaƙa wa fasinjoji kusan 900 da ba su da fasfo. Da a Meziko aka sauke su, da kwaso su ta sama ya zama wani aikin daban.

Akwai kuma katin fasfo, wanda aka fara bayarwa a 2008. Ya fi araha, dala 30 ne ban da kuɗin karɓar takardu, kuma yana shiga aljihu kamar katin banki. Yana aiki a kan iyakokin ƙasa da na ruwa, amma ba a hawa jirgin saman ƙasa da ƙasa da shi. Wato dai a ranar da aka fi bukatarsa, ba ya da amfani. A ganina, wanda zai kashe kuɗi gara ya yi cikakken littafin fasfo gaba ɗaya, tunda shekara 10 yake yi wa babba, 5 ga yaro. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka ma shawarar da take bayarwa ke nan. Ko ba a samu matsala ba, wasu yawace-yawacen sukan buƙace shi, kamar jirgin ƙasan da ke tashi daga Sikagwe ta Alaska ya tsallaka cikin Kanada. Kuma kamfani ko ƙasar da za a ziyarta na da ikon neman fasfo ko da dokar Amurka ba ta nema ba.

Ga 'yan'uwanmu mazauna can, a kula: wannan sassauci na 'yan ƙasar Amurka ne. A gida ɗaya za a iya samun yaran da aka haifa a Hustan su shiga da takardar haihuwa, alhali kakarsu da ta zo ziyara daga Kano ko Maradi sai ta nuna fasfonta, da bizar Amurka mai ba da damar shiga fiye da sau ɗaya, tunda fita zuwa Bahamas fita ce daga ƙasar, da kuma bizar duk ƙasar da ke nemanta a hanya. Kamfanonin sukan so fasfon ya kasance da sauran aƙalla wata shida bayan ranar dawowa, kuma wanda takardunsa ba su cika ba a bakin tasha ake mayar da shi, galibi ba tare da an dawo masa da kuɗin tikiti ba.