Ƙwato filayen jama'a da aka raba ba bisa ƙa'ida ba a Bauchi da Gombe

Ƙwato filayen jama'a mataki ne da gwamnati ko kotu ke ɗauka don dawo da ƙasar da aka keɓe wa al'umma, bayan ta faɗa hannun wani mutum ko kamfani ta hanyar da doka ba ta yarda da ita ba. A jihohin Bauchi da Gombe, wuraren da aka fi kuka a kansu su ne burtali da mashayar dabbobi, gandun daji, harabar makarantu da asibitoci, maƙabartu, filayen idi, da hanyoyin ruwa. Dokoki biyu ne ke riƙe da wuyan al'amarin: Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 da Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999.

Asali

Tun lokacin da Malam Yakubu ya kafa masarautar Bauchi, Buba Yero ya kafa ta Gombe, a farkon ƙarni na 19, har zuwan Turawa, ƙasa amana ce a hannun sarki. Hakimi da dagaci da mai unguwa su ke ba baƙo gona, su kuma ke tsare hurumi, wato filin bayan gari da aka bari don kiwo da binne mamata da sauran bukatun kowa. Turawan mulkin mallaka sun ɗora a kan wannan tsari: shelar da suka yi a 1910 ta sanya ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon gwamna. Gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta shi da dokar mallakar ƙasa ta 1962, ta kuma yi dokar wuraren kiwo a 1965. Daga tsarin Arewa ne gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta ɗebo yawancin abin da ta zuba a dokar 29 ga Maris, 1978, wadda ta game ƙasar baki ɗaya.

Sashe na 1 na dokar ya damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana domin amfanin 'yan Najeriya. Filayen birni gwamna ke ba da su, da shawarar kwamitin raba filaye. Na karkara kuwa ƙaramar hukuma ce, amma ba ta da ikon ba mutum ɗaya fiye da hekta 500 don noma, ko hekta 5,000 don kiwo, sai da yardar gwamna. A idon doka, abin da mai fili ya mallaka shi ne izinin zama da amfani.

Yadda fili ke salwanta

Da wuya filin jama'a ya tafi a rana ɗaya. Makarantar firamare da aka gina ba katanga, sai a wayi gari an kafa rumfa a gefen filin ƙwallonta, baɗi rumfar ta zama shago na bulo, bayan shekara biyar an yi layin shaguna, kowane mai shago da takardarsa. Burtali kan tsuke ne kunya bayan kunya, manomin dama ya ci taku biyu, na hagu ya ci uku, har garke ya rasa inda zai bi ba tare da ya taka shuka ba. Rikicin manoma da makiyaya da dama daga nan yake tashi. Gandun daji kuma ana yanka shi da sunan aron gona na 'yan shekaru, aron ya zarce, 'ya'ya su gada.

A birni hanyar daban ce. Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a ranar 1 ga Oktoba, 1996, bayan an cire ta daga jihar Bauchi, kuɗin fuloti ya yi ta hawa, gari ya bazu kan gonakin da ke kewaye da shi. A irin wannan yanayi ne ake samun awon igiya: mai gona da dillali su yanka fulotai ba safiyo, ba taswira, ba a bar wurin makaranta ko magudanar ruwa ba. A cikin shimfiɗar da gwamnati ta tsara ma, filin da aka ware don asibiti ko wurin wasan yara kan rikiɗe ya zama gidaje idan an sami jami'in da zai sa hannu. Akwai kuma fili ɗaya mai takarda biyu ko uku. Gombe gari ne mai fama da zaizayar ƙasa, don haka ginin da aka dasa a kan hanyar ruwa maƙwabta ne ke biyan kuɗinsa da damina.

Manyan wurare ma ba su tsira daga matsi ba. Makiyayar Wawa-Zange da ke arewacin jihar Gombe, dajin Lame-Burra da ke jihar Bauchi, da Yankari mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, wanda gwamnatin tarayya ta mayar wa jihar Bauchi a 2006, duk iyakokinsu na fuskantar masu neman gona da itace.

Ikon sokewa

Sashe na 28 na dokar 1978 ya ba gwamna ikon soke izinin fili saboda bukatar jama'a, ko don mai shi ya karya sharuɗɗan takardarsa. Dole jami'in da aka ba izini ya sa hannu, kuma a isar wa mai filin sanarwa. Kotun Ƙoli ta sha rushe sokewar da aka yi ba sanarwa, da wadda aka karɓe fili daga wani don kawai a miƙa wa wani. Diyyar da sashe na 29 ya tanada ta gini ce da shuka da sauran abin da aka raya filin da shi, ƙasar kanta ba a biyan kuɗinta.

Babbar matsalar a nan take. Ofishin da ke raba fili shi ne ke soke shi, shi ne kuma ke binciken kansa. Sau da yawa sai gwamnati ta sauya hannu sannan ake kafa kwamitin ƙwato kadarori, waɗanda abin ya shafa su ce bi-ta-da-ƙulli ne, shari'a ta ɗauki shekaru. Wanda ya fi shan wahala shi ne na ƙarshen layi: malamin makaranta ko 'yar kasuwa da suka tara kuɗin adashi suka sayi fuloti hannu na uku, suka gina, ba su taɓa sanin burtali ba ne. Katafila gidansu take rushewa, alhali wanda ya fara yankawa ya daɗe da cin kuɗinsa. Ƙwatowar da ta tsaya a kan mai gini ta bar mai sa hannu ba ta cika adalci ba.

Kundin tsarin mulki

Sashe na 43 na kundin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin mallakar fili a ko'ina cikin Najeriya, sashe na 44 ya hana karɓe dukiya ba diyya. Sai dai sashe na 315(5) ya kulle dokar 1978 a cikin kundin, ta yadda ba a taɓa ta sai da kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya biyu, da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran tsarin filaye a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, amma dokar tana nan yadda take.

Misalin Kenya

Masu neman gyara kan kawo Kenya. A 2003 Shugaba Mwai Kibaki ya kafa hukumar bincike ƙarƙashin Paul Ndung'u, wadda rahotonta na 2004 ya ƙiyasta takardun fili na haram kusan 200,000 da aka fitar tsakanin 1962 da 2002. Sabon kundin da ya fara aiki ranar 27 ga Agusta, 2010, ya raba ƙasa gida uku, ta gwamnati, ta al'umma da ta mutum. Sashe na 67 ya kafa hukumar filaye ta ƙasa mai zaman kanta, sashe na 40(6) kuma ya ce kariyar dukiya ba ta shafi abin da aka samu ta haramtacciyar hanya ba. Aiwatarwa ta yi tafiyar hawainiya, hukumar da ma'aikatar filaye sun yi ta jayayya kan iko. Duk da haka a 2023 Kotun Ƙolin ƙasar, a wata shari'ar fili a Mombasa, ta yanke cewa takardar mai saye ba ta kare shi idan rabon farko haramtacce ne.

Rajista

Jihohin biyu sun kafa hukumomin rajistar filaye ta kwamfuta, BAGIS a Bauchi da GOGIS a Gombe, masu aiki da taswira da hoton sama don tantance takardu da toshe rabon fili ɗaya ga mutum biyu. Amfaninsu ya fi bayyana a cikin birni. Burtali da hurumi da yawa a karkara ba su da taswira ko dutsen iyaka, shaidarsu tana bakin dagatai da arɗo-arɗo da dattawan da suka ga inda shanu ke bi tun suna yara.