Lupus da ƙwaƙwalwa

Lupus cuta ce da garkuwar jiki ke juya wa mai ita baya, ta riƙa kai wa fata, gaɓoɓi, ƙoda da jini hari. Kusan tara cikin goma na masu ita mata ne, galibi a shekarun haihuwa, kuma takan fi tsanani ga baƙar fata. Idan ta taɓa ƙwaƙwalwa, abin da aka fi gani shi ne mantuwa da nauyin tunani.

Tarihi

Sunan daga Latin ya fito, ma'anarsa kyarkeci. Ana jin tun wajen ƙarni na 13 likitocin Turai ke kiran wani gyambon fuska da shi, saboda ya yi kama da cizon dabbar. An daɗe ana ɗaukar ta ciwon fata kawai, sai a 1872 Moriz Kaposi, wani likita a Austiriya, ya nuna cewa takan shiga cikin jiki. Daga 1895 William Osler ya yi rubuce-rubucen da suka ƙarfafa wannan. A 1948 Malcolm Hargraves ya gano wata ƙwayar halitta da ta ba da damar gane cutar a ɗakin gwaji, a 1983 kuma Graham Hughes a Landan ya bayyana daskarewar jinin da ke samun wasu masu lupus, wadda kan kai ga ɓarin ciki da shanyewar ɓarin jiki. A 1999 ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ta jera larurori 19 na ƙwaƙwalwa da jijiyoyi masu alaƙa da cutar, har da farfaɗiya, taɓin hankali da raunin tunani.

Sauyi a ƙwaƙwalwa

Hoton ƙwaƙwalwa na MRI, wanda a Nijar ake kira IRM, yakan nuna ƙananan fararen ɗigo a sashen da zaren jijiyoyi ke ratsawa. A wasu majinyata ƙwaƙwalwar takan ɗan motse, har da hipokamfus, wurin da ke adana sabon abin da mutum ya koya. Daga cikin dalilai akwai toshewar ƙananan hanyoyin jini da kumburi. A 2001 ɗakin binciken Betty Diamond a Amurka ya nuna cewa wasu sinadaran garkuwar jiki na masu lupus suna iya kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa idan suka kai gare su.

Hoton bai cika tafiya daidai da ciwon ba. Wata tana fama da mantuwa hotonta na nan lafiya lau, wata da ɗigo ba ta kukan komai. Masana ba su daidaita a kan wannan ba.

Alamomi

Mace ta ɗora tukunya ta manta har ta kama. Mai sayar da ƙuli-ƙuli ta tsaya da jaka guda a hannu, lissafin canji ya gagare ta. Wata a tsakiyar sallah raka'a ke ɓace mata, ko kalma ta tsaya mata a baki. Abin yakan zo ya tafi, ba kasafai yake kaiwa irin ruɗewar tsufa ba. Rashin barci, baƙin ciki da yawan kotizon, maganin rage kumburi, suna ƙara shi.

A Maradi

Zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi na lupus sun yi kama da na cizon sauro, don haka da damina abu ne mai sauƙi a yi ta shan maganin da ba nata ba. Idan mantuwa ko sambatu suka biyo baya, a gida sai a fara zancen iska ko sammu, ko kuma, abin takaici, a ce lalaci ne. Rana tana tayar da cutar, ga shi a Afrilu da Mayu zafin Maradi kan haura digiri 40, shi ya sa likitoci ke ba da shawarar inuwa da rufe jiki.

Magani

Ginshiƙinsa haidiroksikulorokin ne, ɗan'uwan nibakin da aka saba sha a da. Ana ƙara maganin tsinka jini ga masu daskarewar jini.