Me ake nufi da keken girabul?

Ran Asabar ina zaune a rumfar wani mai gyaran keke a unguwar Mamobi da ke Accra sai ga saurayi ya turo keke mai lanƙwasasshen kai irin na 'yan tsere, amma tayoyinsa ɓul-ɓul. Mai gyaran ya latsa tayar da babban yatsa ya ce, "Yaro, wannan na tsere ne ko na daji?" Saurayin ya ce, "Baba, girabul ne." Tsohon ya yi dariya, ya ce shi a saninsa girabul tifa ke kawowa a zuba a gini.

Bai yi kuskure ba. Kalmar Turanci ce, tsakuwa take nufi. A bakin masu keke kuwa ta zama sunan duk hanyar da ba ta ga kwalta ba, wato abin da muke kira burji, da kuma keken da aka ƙera dominta. Daga hanyoyin gonaki na tsakiyar Amurka abin ya taso. A garin Emporia na jihar Kansas an fara wata gasa ta mil 200 a 2006, kuma sai a 2022 aka yi gasar duniya ta farko a Italiya. Mu nan Gana ba sai mun je nema ba, jar ƙasa na jiran mutum da zarar ya sauka daga babban titi.

A taya bambancin yake. Ta keken tsere faɗinta bai cika wuce milimita 25 zuwa 30 ba, ta keken hawan dutse takan haura 55, ta girabul kuwa tana tsakanin 35 da 50, da 'yan ƙananan haƙora. Ba a cika mata iska tam, domin taya mai ɗan laushi ta fi kama ƙasa, kuma ta fi jin tausayin ƙugu a kan gargada. Da yawa ba su da tiyub ma; wani farin ruwa mai danƙo ake ɗurawa ciki, in ƙaya ta huda ya toshe da kansa. Birkinsa na faifai ne, ga giya mai sauƙi don hawan tudu. Idan ka ga mai sayar da na hannu ya liƙa wa tsohon keken tsere wannan suna don ya ƙara sidi, duba tsakanin taya da ƙarfen da ke riƙe da ita. In yatsa ba ya shiga, ba girabul ba ne, laka za ta cushe wurin tun ba a je ko'ina ba.

Masu wannan keke sun fi son tafiyar zagaye: ka tashi daga wuri, ka bi wata hanya, ka dawo ta wata, ba tare da ka taka sawunka ba. A taswirar waya abu ne mai sauƙi. A bakin kogi kuwa sai an zauna an yi lissafi, don kogi ba ya ba da hanya sai inda aka yi masa gada. Ɗauki Volta, wanda mu mutanen Accra muka fi kaiwa gare shi. Gadar Adomi da ke Atimpoku, wadda aka buɗe a 1957, ita ce ta sama. Babbar gada ta biyu sai can Sogakope, kuma tsakaninsu ba tafiyar hantsi ba ce. Saboda haka wanda ya ce zai tafi ta wannan gaɓa ya dawo ta waccan, ko dai ya shirya kwana, ko ya daidaita da mai kwalekwale tun kafin ya baro gida. Ni na fi son in tsaya gaɓa ɗaya: in bi kusa da ruwa wajen Akuse da Asutsuare da sanyin safiya, in ratsa gonakin shinkafa, in dawo ta hanyar tudu.

Sai dai ƙasar wurin baƙar laka ce. Da rani ta bushe ta tsattsage, keke na gudu a kanta kamar daɓe. Ruwa ɗaya in ya sauka, sai ta kama taya ta yi mata rawani har ta daina juyawa. Na taɓa saɓa keke a kafaɗa ina jan takalmi mai nauyin turmi, manoma na ta yi mini sannu suna ƙunshe dariya. Daga Afrilu zuwa Yuli, da kuma Satumba zuwa Nuwamba, a tambayi mutanen wurin tukuna. Ba ruwan sama ne kaɗai abin dubawa ba: a 2023 da aka saki ruwa daga madatsar Akosombo da ta Kpong, garuruwa irin su Mepe sun sha ambaliya. Hunturu ya fi, ko da yake ƙura za ta mai da mutum kamar ya fito daga injin niƙa.

Kilomita 40 a burji kan ci mini awa uku, har da tsayawa. Rana kuwa a nan ba ta ɗaga ƙafa, ƙarfe shida ta yi sallama, don haka a tashi bayan asuba. A jaka a sa famfo, tiyub ko da tayar ba ta amfani da shi, kayan faci, da ruwa fiye da yadda ake zato, domin mai faci da mai fiya wata duk a bakin kwalta suke. Hular kwano dole. Duk yadda zafi ya kai, kada kyan ruwan ya ja mutum wanka inda ya kwanta cikin ciyayi, akwai tsargiya.

Da saurayin nan ya gama bayani, mai gyaran ya ɗaure masa birki, ya ce shi ma da ƙuruciya a Arewa ya sha kai buhun masara kasuwa a kan keke ƙirar Phoenix, hanyar duk burji, ba wanda ya ba abin suna. Ya karɓi kuɗinsa, sannan ya ce a bar shi ya ɗan zaga da shi zuwa bakin masallaci.