Ric Charlesworth

Richard Ian Charlesworth, wanda aka fi sani da Ric, kocin ƙwallon gora (hoki) ne ɗan ƙasar Ostireliya. An haife shi ranar 6 ga Fabrairu, 1952 a birnin Perth. Likita ne ta fuskar karatu, ya kuma wakilci mazaɓar Perth a majalisar tarayya ƙarƙashin jam'iyyar Leba daga 1983 zuwa 1993, amma a filin wasa sunansa ya fi fita. A Kaduna, inda ƙungiyoyin Kada Stars da Kada Queens suke riƙe da wannan wasa, duk wanda ya ga ana sauya 'yan wasa akai-akai ba tare da an tsai da wasa ba, to ya ga dabarar da wannan mutum ya yi fice da ita.

Tun 1972 ya fara buga wa ƙasarsa. Ya samu lambar azurfa a gasar Olamfik ta Montreal a 1976, aka kuma ɗauki Kofin Duniya da shi a Landan a 1986. A shekarun 1970 ya taɓa kurket a ƙungiyar jihar Yammacin Ostireliya.

Aikin horarwa

Yana barin majalisa a 1993 aka damƙa masa ƙungiyar mata ta ƙasa, Hockeyroos. Cikin shekara bakwai kusan babu kofin da ya kuɓuce musu: Kofin Duniya a Dublin a 1994 da Utrecht a 1998, da zinaren Olamfik a Atlanta a 1996, inda suka doke Koriya ta Kudu da ci 3-1. A Sydney, a gaban jama'arsu, suka sake ɗaukar zinaren a 2000 bayan sun ci Ajantina 3-1.

Abin da ya bambanta shi da takwarorinsa shi ne yadda ya karanci sabuwar doka. A farkon shekarun 1990 aka ba da damar ɗan wasa ya fita ya huta, ya sake komawa fili sau nawa aka ga dama. Charlesworth ya daina kallon waɗanda ke benci a matsayin 'yan jiran tsammani. 'Yar wasa za ta yi gudu iya ƙarfinta na 'yan mintuna, ta nufo bakin layi tana haki, wata ta faɗa fili nan take ƙwallo na ci gaba da yawo. Kafin a kai ƙarshen wasa abokan hamayya sun galabaita, nasa kuwa da sauran ƙarfinsu. Haka kuma bai yarda a jingina komai ga kyaftin guda ba. Ya raba jagoranci tsakanin 'yan wasa da dama, domin kowa ya san nauyin yana kansa. Wannan tsari ya cancanci masu horar da matasa a Arewa su nazarce shi.

Bayan Sydney ya ɗan yi aiki da hukumar kurket ta New Zealand, sannan ya zama mai ba Indiya shawara kan ƙwallon gora, zaman da bai yi tsawo ba.

A 2009 ya karɓi ƙungiyar maza, Kookaburras. Shekara guda bayan haka suka ci Jamus 2-1 a wasan ƙarshe na Kofin Duniya a Delhi, suka kuma lallasa Indiya 8-0 a birnin a gasar ƙasashe renon Ingila. Olamfik ce ta gagare shi da maza, domin tagulla suka samu a Landan a 2012. A watan Yunin 2014 suka kare Kofin Duniya a birnin Hague, suka ci masu masauki Holan 6-1, daga nan ya ajiye aikin.