Wa ke naɗa shugaban jami'a, kuma yaushe doka ta yarda a rushe majalisar gudanarwa?

Da zarar wa'adin shugaban wata jami'ar tarayya ya zo gangara, sai ka ji zance ɗaya yana yawo a WhatsApp da majalisun hira: wai Abuja ta riga ta zaɓi ɗan lelenta, tallar gurbin da aka buga a jarida cika sharaɗi ne kawai. In kuma aka ji an rushe majalisar gudanarwa, sai hankalin iyaye ya tashi, suna tambayar ko digirin 'ya'yansu na nan. Wannan ta biyun ba ta da wuyar amsa. Jarrabawa da sakamako da bayar da digiri aikin majalisar malamai ne, wadda ake kira sanet. Majalisar gudanarwa kuɗi da kadarori da manyan muƙamai take kula da su, don haka rushe ta ba ya taɓa takardar kowa.

Dokar da ke magana a kan sauran ita ce dokar jami'o'i ta 1993, musamman gyaran da aka yi mata a 2003, wanda malamai ke kira dokar 'yancin jami'o'i. Jami'o'in tarayya irin su ABU Zariya da Bayero ta shafa. Na jihohi kowace da dokar da ta kafa ta.

Kafin wannan gyara, sunaye ake aika wa shugaban ƙasa ya ɗauki wanda ya so. Yanzu ba haka ba ne. Majalisar gudanarwa ce ke tallata gurbin, sannan wani kwamitin haɗin gwiwa na mutum 5, wato shugaban majalisar da wakilanta 2 da farfesoshi 2 daga sanet, ya tantance masu nema ya miƙa sunaye 3. Majalisar ta zaɓi ɗaya ta naɗa shi na shekara 5, babu tazarce. Bayan haka ne take sanar da shugaban ƙasa, wanda doka ke kira Maziyarcin jami'a. Sanarwa doka ta ce a yi masa, ba ta ce a nemi amincewarsa ba.

To ina masu jita-jitar suka samo zancensu? Ai ruwa ba ya tsami banza. Shugaban majalisar da mutum 4 na waje gwamnati ce ke naɗa su, ga kuma wakilin ma'aikatar ilimi. Wanda ya ba ka kujera kuwa, da wuya ka ƙi jin kiransa.

Inda aka fi samun ruɗani shi ne batun rushewa. Doka ta ba majalisa wa'adin shekara 4 daga ranar da aka ƙaddamar da ita, sai dai idan an same ta da gazawa da almundahana, to Maziyarci ya rushe ta, a kafa sabuwa nan take. A lura da "an same ta". Ba a samun mutum da laifi sai an bincika, kuma dokar ta tanadi kwamitin ziyarar bincike aƙalla sau ɗaya a shekara 5. Amma ba ta fayyace wanda zai yanke cewa an samu laifin ba, kuma ta wannan kafa gwamnatoci ke bi.

A watan Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya rushe hukumomin gudanarwar ma'aikatun tarayya a dunƙule, guguwar ta kwashe har da majalisun jami'o'i. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta ce hakan ya saɓa wa doka, tun da ba a tuhumi ko ɗaya da komai ba. Ni ma na duba nassin ban ga inda ya halatta hukuncin jam'u ba. "Nan take" ɗin kuma sai da ya ci kimanin shekara guda, domin a tsakiyar 2024 aka ƙaddamar da sababbi.

Tsige shugaban jami'a ma akwai ƙa'idarsa. Majalisa ce ke tsigewa, saboda rashin ɗa'a ko kasa aiki, bayan kwamitin wakilanta 3 da na sanet 2 ya binciki zargin an kuma ji ta bakin wanda ake zargi. Yana da damar ɗaukaka ƙara wurin Maziyarci. A Jami'ar Legas, a watan Agustan 2020, majalisar da Wale Babalakin ke shugabanta ta tsige shugaban jami'ar, Farfesa Oluwatoyin Ogundipe. Shugaba Buhari ya tura kwamitin bincike, a Nuwamba aka mayar da Ogundipe aka rushe majalisar. A nan dai an bincika kafin a yanke. A Fabrairun 2025 kuwa, sanarwa ce ta fito daga fadar shugaban ƙasa ta rushe majalisar Jami'ar Abuja, ta kuma sauke shugabar jami'ar, Farfesa Aisha Maikudi. In wanda ake kai wa ƙara shi ne ya sauke ka, ina za ka nufa in ba kotu ba?

Masu cewa za a turo kantoma ya riƙe jami'a su kwantar da hankali, gyaran 2003 ya haramta hakan ƙarara. In kujera ta zama babu kowa, majalisa ce ke naɗa muƙaddashi bisa shawarar sanet, kuma ba zai wuce wata 6 ba.