Me Ake Nufi Da "Ya Haye Gadar Bakan-gizo"?

Duk mai leƙa shafukan Turawa a Facebook ko Instagram ba zai rasa cin karo da irin wannan sanarwa ba: hoton kare, sau da yawa tsoho, bakinsa duk furfura, a ƙasa an rubuta cewa daren jiya ya haye gadar bakan-gizo, mutane kuma suna ta tururuwar jajantawa. Abin da ake nufi shi ne karen ya mutu. Da Turanci "Rainbow Bridge" suke cewa. Ana faɗin haka ga kyanwa da doki da zomo da aku, amma a kan kare maganar ta samo asali, kuma har yau masu karnuka ne suka fi riƙe ta.

Tushenta wani ɗan rubutu ne da bai cika shafi guda ba. Rubutun ya siffanta wani fili mai ɗanyar ciyawa da 'yan tuddai, dab da Aljanna. Duk dabbar da ta shaƙu da wani mutum, idan ta mutu can take zuwa. Wadda ta tsufa ƙuruciyarta ta dawo, wadda ta sha jinya ta warke, gurguwa ta miƙe. Ga ruwa, ga abinci, ga hantsi. Abu ɗaya ne ke damunsu, kewar wanda suka baro. Ana nan sai wata rana, ana tsakiyar wasa, ɗaya daga cikinsu ya tsaya cak, ya ƙura wa nesa ido, ya hango mai shi tafe, ya sheƙa da gudu ya tarye shi. Daga nan su biyun su haye gadar tare. Ka ga ke nan a asalin rubutun dabbar ba ta hayewa ita kaɗai, jira take yi a bakin gada. Bakin jama'a ne ya gajarce zancen har ya koma "ya haye".

An yi shekaru da dama ba a san wanda ya rubuta shi ba. Yana ta yawo hannu zuwa hannu, ana liƙa shi a bangon asibitocin dabbobi, har a 1994 wani mai karatu ya aika da shi ga "Dear Abby", shahararren filin ba da shawara da jaridun Amurka da yawa ke bugawa, miliyoyin mutane suka karanta. Daga nan kuma intanet ta ɗauka. Mutane da dama sun fito sun ce su ne masu shi. Sai a 2023 wani masanin tarihin zane-zane, Paul Koudounaris, ya bi sawu har Scotland, ya iske wata dattijuwa mai suna Edna Clyne-Rekhy tana riƙe da ainihin takardar da ta rubuta da hannunta. A 1959 ta rubuta, tana 'yar shekara 19 a Inverness, bayan karenta Major ya mutu a hannunta. Da kukan ya ƙi tsayawa, mahaifiyarta ta ce ta zauna ta rubuta abin da ke ranta. Daga baya ta buga wa ƙawaye kwafi da tafireta ba tare da ta sa sunanta ba, kuma ba ta san cewa abin ya zagaye duniya ba sai tana da shekara 82.

To me ya sa rubutun budurwa mai kukan karenta ya samu wannan karɓuwa? Ni dai a ganina, ya cike wani giɓi ne. Idan mutum ya rasu, kowace al'umma tana da tsarin da take bi: jana'iza, zaman makoki, hutu daga wurin aiki, kalmomin ta'aziyya da kowa ya haddace. Idan kare ya mutu babu ko ɗaya. Washegari mutum zai koma ofis, in ma ya yi ƙarfin halin faɗa, abin da zai ji shi ne "ai kare ne kawai, ka sayi wani". Wani malamin jami'a Ba'amurke, Kenneth Doka, ya sa wa irin wannan hali suna a 1989: baƙin cikin da jama'a ba su ba shi gurbi ba. Ba na dabba kaɗai ba ne, ya haɗa da macen da ta yi ɓari, da wanda tsohuwar matarsa ta rasu bayan sun daɗe da rabuwa. Rashi ne na gaske, amma ba wanda zai zo maka gaisuwa.

Sai kuma a duba yadda zaman yake a can. Kare yakan yi shekara 10 zuwa 13 a duniya, ƙananan jinsi sukan wuce haka. A Amurka da Ingila a cikin ɗaki yake kwana, kuma akwai tsofaffi da yawa da ke zaune su kaɗai, 'ya'ya sun yi nisa, babu wanda ke jin motsin mabuɗinsu ya taso sai shi. Shi ke tashin mutum da asuba, saboda shi ake fita yawo safe da yamma, ta dalilinsa ake gaisawa da maƙwabta. Ranar da ya mutu duk wannan tsari ya rushe lokaci guda. Hausawa sun riga sun faɗa, sabo ake yi wa kuka.

Akwai kuma wani nauyi da mu a nan ba mu saba da shi ba. Karnuka da yawa a waɗannan ƙasashe ba a kan shimfiɗarsu suke mutuwa ba, mai su ne ke yanke ranar. Idan ciwon daji ko na ƙoda ya ci ƙarfin kare, ya daina cin abinci, ƙafafun baya suka daina ɗaukarsa, likitan dabbobi zai ba da shawarar a kawo ƙarshen wahalar. Mai kare ya sa hannu a takarda. A yi masa allurar kwantar da jiki, sannan a bi da wadda za ta tsayar da zuciya, cikin 'yan mintuna an gama. Likita ya kara abin sauraron bugun zuciya a ƙirjinsa, ya ɗaga kai ya ce ya tafi. Mutum ya biya kuɗi, ya fito da igiya da abin wuya a hannu. Daga nan sai tuhumar kai: na yi gaggawa ne, ko kuwa na bar shi ya wahala fiye da kima? Bayan 'yan kwanaki a kira shi ya karɓi tokar gawar a ɗan akwati, wani lokaci da shatin tafin ƙafar karen a jikin yumɓu, da katin jaje mai ɗauke da wannan rubutu. Idan ka sake duba abin da rubutun ya yi alkawari, cewa ya warke kuma da murna zai tarye ka, za ka ga a kan wannan miki aka ɗora shi.

Likitoci ma sun shaida cewa abin yana taɓa jiki. A 2017 mujallar likitanci ta New England ta kawo labarin wata mata 'yar shekara 61 a jihar Texas da aka garzaya da ita asibiti da alamun ciwon zuciya bayan mutuwar karenta. Aka duba jijiyoyin zuciyar, ba su toshe ba. Ciwon da ake kira takotsubo ne, wanda tsananin tashin hankali ke raunana tsokar zuciya na ɗan lokaci.

Wannan bege kuwa ya girmi Edna. Tun a 1881 aka fara binne karnuka a wani lungu na lambun Hyde Park a Landan, an buɗe maƙabartar dabbobi ta Hartsdale a jihar New York a 1896, ta Asnières kusa da Paris a 1899. Eric Tourigny na Jami'ar Newcastle ya nazarci duwatsun kaburburan dabbobi sama da 1,000 a Ingila, ya wallafa sakamakon a 2020. Ya gano cewa a ƙarni na 19 "aboki" aka fi rubutawa, amma bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai aka ƙara ganin ana kiran dabba ɗan gida, ana kuma rubuta fatan sake haɗuwa a lahira ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

Mai karatu zai iya tambaya ko wannan aƙida ce. Ba ta cikin Alƙur'ani, ba ta cikin Baibul, kuma da yawan masu faɗinta ba su ɗauke ta a matsayin imani ba, lafazin jaje ne kawai. Mu a ƙasar Hausa kare na farauta ne da gadi da kiwo, waje yake kwana, don haka sa shi cikin lissafin iyali baƙon abu ne. Amma jin zafin mutuwar dabba ba baƙo ba ne. Ka tambayi mafarauci ranar da ya rasa karen da ya raina tun yana kwikwiyo. A littattafan hadisi ma akwai labarin Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, yaron da ɗan tsuntsunsa ya mutu ya shiga damuwa, Annabi (SAW) ya tsaya ya tambaye shi labarin tsuntsun cikin raha da lallashi.

Ba za a rasa 'yan kasuwa a ciki ba. Yau ana sayar da kofuna da sarƙoƙi da akwatunan toka masu zanen bakan-gizo, wasu da tsadar da ba ta da dalili, kuma mai kuka ba ya ciniki. An ma ware 28 ga Agusta a matsayin ranar tunawa. A garin Lake Lure na jihar North Carolina har gadar katako aka yi, aka shafe ta da launuka, mutane suna zuwa daga nesa suna rataye abin wuyan karnukansu, kafin ambaliyar guguwar Helene ta tafi da ita a Satumban 2024.

Idan abokin aikinka ko na karatu a can ya rubuta cewa karensa ya haye gadar, ba a jiran ka yarda akwai wata gada. Abin da aka saba shi ne ka ambaci karen da sunansa, ka ce ka taya shi jimami, in ka taɓa ganinsa ka faɗi wani abu da ka tuna game da shi. Zancen sayen wani kuwa a bar wa mai shi, shi zai ɗauko da kansa idan lokaci ya yi.